Saƙon da Aka Aiko Maka, Na Wane Ne?



Akwai wata tambaya da ya kamata kowane mai riƙe da wayar hannu a cikinmu ya tsaya ya yi wa kansa, dattijo ne ko matashi, 'yar Zumuntar Mata ce ko ɗan ƙungiyar mawaƙa. Tambayar ita ce: idan wani ya aiko mini saƙo ni kaɗai, ya gaya mini abin da yake damunsa, wannan saƙo na wane ne? Nawa ne, tun da yake a wayata ya sauka, kuma da kuɗina na sayi wayar? Ko kuwa har yanzu na mai aikowa ne, ni ajiya kawai aka ba ni? A ido tambayar ƙarama ce, amma rashin amsa ta daidai ya kashe aure, ya raba aminai, ya hana wasu shiga cikin jama'a don kunya. Saboda haka ya dace mu zauna a kanta da natsuwa, mu auna ta da hankalin da Allah ya ba mu da kuma koyarwar Ikkilisiya.

Dandali, Zaure da Ƙuryar Ɗaki

Tun kafin zuwan waya, mutanen ƙasarmu sun san cewa kowace magana tana da wurinta. Akwai maganar dandali, wadda kowa yake ji, ɗan gari da baƙo. Akwai maganar zaure, inda mai gida yake zama da waɗanda ya sani, a yi hira, a yi shawara. Akwai kuma maganar ƙuryar ɗaki, inda ba a shiga sai da sallama da izini. Wanda ya ɗauki zancen ƙuryar ɗaki ya kai dandali, ko da bai ƙara ko kalma ɗaya ba, jama'a sun san sunan da suke kiransa da shi.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp kuma a 2009, daga baya suka cika hannun manya da yara. Abin da suka yi shi ne, sun tattara dandali da zaure da ƙuryar ɗaki, sun zuba su cikin abu ɗaya da yake shiga aljihu. Abin da ka rubuta a shafinka na Facebook maganar dandali ce. Abin da ka faɗa a zauren WhatsApp na iyali ko na ƙungiya maganar zaure ce. Saƙon da ka aika wa mutum ɗaya, wanda matasa suke kira inbos, maganar ƙuryar ɗaki ce. A gidan ƙasa akwai katanga da ƙofa da soro tsakanin waɗannan wurare, kuma mai ɗaukar gulma sai ya tashi ya yi tafiya, wataƙila kafin ya isa zuciyarsa ta yi sanyi. A cikin waya kuwa, abin da ya raba ƙuryar ɗaki da dandali taɓawar yatsa ɗaya ce.

Mu dubi abin da yake faruwa kullum a Kwangila. A gefen gadar nan, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru da Funtuwa, mutum yakan zo da ambulan ko ƙunshi, ya miƙa wa direba, ya biya kuɗin saƙo, ya rubuta lambar mai karɓa a jiki, ya juya ya tafi abinsa. Bai san direban ba, amma ya amince ba zai farke ambulan ya karanta wa fasinjoji ba. Direban da aka kama yana buɗe saƙon mutane ya gama cin kasuwarsa a tasha. Wannan doka ba a rubuce take a jikin mota ba, duk da haka kowa ya san ta, Kirista da Musulmi.

Sai dai akwai inda misalin ya tsaya. Idan buhun masara aka aiko maka, da zarar direba ya sauke maka shi ya zama naka, ka ci ko ka sayar. Magana ta sirri ba haka take ba. Wanda ya rubuto maka cewa asibiti sun gano masa wata cuta, ko bashi ya yi masa katutu, ko 'yarsa ta yi ciki ba aure, wani ɓangare na rayuwarsa ya ɗora a hannunka. Cutar tasa ce, bashin nasa ne, kunyar ma tasa ce, kuma shi zai ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya idan zancen ya fita. Tun da shi ne mai ɗaukar nauyin, shi ne mai ikon cewa wane ya ji, wane kada ya ji. Kai matsayinka irin na mai ajiya ne. Bahaushe ya ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. An gaya maka ne don an ɗauke ka abokin kuka.

Makullin Na'ura da Iyakarsa

Wasu za su ce ai kamfanonin sun riga sun kulle saƙonni. Gaskiya ne, tun watan Afrilu na 2016 WhatsApp ya sanar cewa saƙonnin masu amfani da shi suna tafiya a kulle daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, ta yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karantawa ba. Dokar ƙasa ma ta yi magana. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kāre sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. A watan Yuli na 2024 hukumar tarayya mai kula da gasa da haƙƙin masu sayayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun ɗaukaka ƙarar irin waɗannan al'amura ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilu na 2025.

Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, amma mu lura da abin da suke tsarewa. Makullin na'ura hanya yake tsarewa, wato aikin direba. Da zarar saƙo ya isa, sai ya buɗe a gaban mai karɓa, daga nan kuma babu makulli. Yana iya ɗaukar hoton fuskar wayar ya aika wa mutum goma. Yana iya kunna saƙon murya a majalisa a yi dariya. Ko an aiko hoto irin wanda ake gani sau ɗaya ya ɓace, yana iya ɗaukar wata waya ya ɗauki hotonsa. Ban da wannan, wayoyinmu sukan kwana a wurin mai caji, sukan yini a wurin mai gyara, sukan shiga hannun yara da ƙanne. Mafi yawan asirin da yake tonuwa a unguwanninmu ba wani gwanin kwamfuta ne daga Amurka ya tona shi ba. Aboki ne, ko ƙawa, ko ɗan'uwa, ko tsohon saurayi. Ashe makulli na ƙarshe, wanda babu kamfanin da zai iya ƙerawa, shi ne lamirin mai karɓa.

“Ai Gaskiya Na Faɗa”

Idan ka tambayi wanda ya watsa saƙon wani, amsar da ya fi bayarwa ita ce: ban yi ƙarya ba, ga rubutunsa, ga muryarsa. Wannan hujja tana da ƙarfi a kunnen mutanen Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Lallai gaskiya ta fi kwabo. Amma ko a gidan jarida akwai edita mai zama ya auna abin da ya dace a buga da abin da bai dace ba, kuma yakan amsa tambaya idan ya yi kuskure. Yau kowannenmu ya zama edita, ya zama kuma injin buga jarida, ba tare da ya koyi aunawa ba.

Ikkilisiya tana koyar da cewa doka ta takwas ta wuce hana ƙarya kawai. Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, a sakin layi na 2477 ya ambaci laifuffuka uku da suke ɓata sunan mutum. Na farko, yanke hukunci da gaggawa, wato yarda da laifin wani ba tare da isasshen dalili ba. Na biyu, tona aibin wani ga waɗanda ba su sani ba, ba tare da dalili mai ƙarfi ba. Na uku, ƙazafi, wato ƙaga wa mutum abin da bai yi ba. Ku lura, 'yan'uwa, cewa a laifi na biyu abin da aka faɗa gaskiya ne, amma duk da haka zunubi ne. Katekisim ya ƙara bayani a sakin layi na 2489 cewa ba dole ba ne a bayyana gaskiya ga wanda ba shi da haƙƙin saninta. Dokar Ikkilisiya ta 1983 kuma, a lamba ta 220, ta hana kowa ɓata sunan wani ba bisa ƙa'ida ba, ko keta haƙƙinsa na tsare sirrinsa.

Dalilin wannan a fili yake. Suna mai kyau dukiya ce, da shi mutum yake samun aiki, da aure, da rance, da wurin zama cikin jama'a. Toma Akwinas Mai Tsarki, wanda ya rasu a 1274, ya koyar da cewa yi da mutum a bayansa ya fi sata nauyi, domin suna ya fi kaya daraja. Ya kuma ce mai saurare da jin daɗi, ba tare da ya tsawata ba alhali yana iyawa, yana da rabo a cikin laifin. Wannan ya shafi dukanmu da muke cikin zaurukan waya, muna karanta tonon asirin wani, muna manna alamar dariya.

Akwai kuma wani abu. Hoton saƙo ba ya ɗauke da dukan gaskiya. Yakan yanke abin da aka faɗa kafin nan da abin da aka faɗa bayan nan. Ba ya nuna cewa da ƙarfe biyun dare aka rubuta shi, cikin fushi ko cikin kuka, ko cewa da gari ya waye mai rubutun ya nemi gafara. Maganar da miji da mata suka yi cikin ɓacin rai, su biyu sun san yadda za su auna ta, domin tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Baƙon da ya gan ta a waya ba shi da wannan ma'auni. Gaskiyar da aka cire daga mazauninta takan yi aikin ƙarya.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalai biyu. A Littafin Farawa, sura ta 9, Nuhu ya bugu ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya ba da labari, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi, suka shiga da baya, suka rufe mahaifinsu ba tare da sun duba ba, su ne kuwa suka sami albarka. A Bisharar Matiyu, sura ta 1, Yusufu ya ga Maryamu tana da ciki kafin su tare, bai kuwa san asirin Allah ba tukuna. Yana da damar kai ta gaban jama'a, amma ya ƙudura ya rabu da ita a ɓoye don kada ya kunyata ta, kuma a daidai wannan wuri ne Bishara ta kira shi adali.

Irin Asirai Uku

Malaman tauhidin ɗabi'a sun kasa asiri kashi uku. Akwai asirin da yanayinsa ne ya sa shi asiri, kamar abin da mai gyaran waya ya gani cikin hotunan mai waya. Babu wanda ya ce masa ya yi shiru, amma hankali ya gaya masa. Akwai asirin alkawari, inda ka riga ka sani sannan ka yi alkawarin ba za ka faɗa ba. Akwai kuma asirin amana, wanda ba a gaya maka ba sai bisa sharaɗin za ka riƙe shi, ko an furta sharaɗin ko an bar shi ga fahimta, kamar abin da ake gaya wa likita, da lauya, da ungozoma, da katekis. Wannan na uku shi ne mafi nauyi. Saƙon da mutum ya zaɓi ya aiko maka kai kaɗai, alhali yana da damar sa shi a zaure, sau da yawa cikin wannan kashi yake. Zaɓen ƙuryar ɗaki da ya yi shi ne roƙonsa na a rufa masa asiri.

Sama da dukan waɗannan akwai hatimin Sakramentin Tuba. Majalisar Lateran ta Huɗu ta ƙarfafa shi a 1215, kuma har yau firist ɗin da ya tona abin da ya ji a wurin furta zunubi ya fitar da kansa daga tarayyar Ikkilisiya nan take. Wanda ya ji ta hanyar fassara ko ta kuskure, shi ma dole ya yi shiru, kuma akwai hukunci a kan mai naɗar irin wannan magana da na'ura. Labarin da muka gada ya ce Yohanna na Nefomuk, wanda aka jefa cikin kogi a birnin Firag a 1393, ya rasa ransa ne don ya ƙi gaya wa sarki abin da sarauniya ta furta. Saƙon abokinka bai kai wannan matsayi ba, kuma ku sani ba a karɓar Sakramentin Tuba ta waya. Amma Ikkilisiya ta koyi wani darasi daga wannan hatimi wanda ya shafi kowa: mutum ba ya buɗe ciwonsa sai inda ya tabbata za a rufe. Inda babu mai riƙe asiri, mai baƙin ciki zai haɗiye damuwarsa, mai neman shawara zai fasa, mai son tuba zai ji tsoro. Duk wanda ya watsa saƙon amana ya koya wa mutum ɗari da suka gani cewa kada su ƙara yarda da kowa.

Abin da Ya Riga Ya Faru

Kada wani ya ce muna ƙara wa miya gishiri. A 2007, a Kano, wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar wasan fim ɗin Hausa ya fita daga wayar da aka ɗauke shi, ya riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, tun kafin zuwan WhatsApp. Gari ya ɗauka, aka dakatar da ɗaukar fina-finai na watanni, ma'aikata da yawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa abin yi. An yi ta tsine wa yarinyar, amma dubban da suka karɓa suka tura gaba, kaɗan ne suka tambayi kansu ko su ma suna da laifi.

A ranar 12 ga Mayu, 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, gungun mutane suka kashe wata ɗaliba Kirista bayan wani saƙon murya da ta sa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ya bazu, aka zarge ta da ɓatanci. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Bishop Matthew Hassan Kukah duka sun yi tir da kisan, domin babu maganar da ta ba taron jama'a ikon ɗaukar rai. Alhakin jinin yana kan waɗanda suka zubar da shi. Amma abin ya nuna mana yadda maganar zaure take iya zama gobara cikin sa'o'i kaɗan a ƙasa irin tamu, da kuma nauyin da yake kan kowane yatsa mai turawa gaba. Kamfanin WhatsApp da kansa, bayan kashe-kashen da jita-jita ta jawo a Indiya a 2018, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa wannan ƙa'ida ga duniya duka a farkon 2019.

Wasunmu kuma sun ɗanɗana aikin manhajojin ba da rance, waɗanda suka kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, suka aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa shi ɓarawo ne, har hukumomi suka fara kai musu samame a 2022. Kowa ya yi Allah wadai da wannan. To, in mun ƙi shi daga kamfani, don me za mu yi wa juna? Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yaushe Ne Ya Halatta a Faɗa?

Rufin asiri ba mafakar mugunta ba ne. Katekisim, a sakin layi na 2491, ya yarda a bayyana asiri idan riƙe shi zai jawo babbar cuta ga mai asirin, ko mai riƙe da shi, ko wani dabam, kuma babu hanyar kauce wa cutar sai ta bayyanawa. Idan babba yana aika wa yarinya ƙarama saƙonnin lalata, iyaye da hukuma dole su sani. Ikkilisiya ta koyi wannan da hawaye, shi ya sa a 2019 Paparoma Faransis ya wajabta wa firistoci da masu rayuwar keɓewa su kai rahoton cin zarafin yara ga shugabanninsu, ya kuma cire irin waɗannan shari'u daga ƙarƙashin sirrin fadar Paparoma. Idan aboki ya rubuto maka yana shirin kashe kansa, nemo masa taimako shi ne riƙon amana. Idan ana yi maka barazana da hotunanka don a karɓi kuɗi, ko ana kitsa kai hari, kai saƙon inda ya dace.

Kafin ka buɗe bakinka ko ka taɓa wayarka, yi wa kanka tambayoyi huɗu. Cutar da nake so in hana, babba ce ƙwarai? Akwai wata hanya ban da tonawa? Wa yake da ikon gyara al'amarin? Mene ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata ya sani? Ubangijinmu ya shimfiɗa wannan tsari a Matiyu sura ta 18: a fara da mai laifin shi kaɗai, in ya ƙi a ƙara mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga jama'ar masu bi. Mu kuwa mun juya tsarin, mukan fara da duniya duka, mai laifin ne na ƙarshen ji. Ga kuma gwaji mai sauƙi: idan ka ji daɗi a ranka sa'ad da kake shirin turawa, dakata. Mai tonawa don ceto yakan yi shi da nauyin zuciya. Jin daɗi alamar ramuwa ce.

A Cikin Gida

Ma'aurata sukan tambaya ko miji yana da ikon bincika wayar matarsa, ko mata ta mijinta. Aure ya mai da su jiki ɗaya, don haka bai dace ɗayansu ya gina wata rayuwa a ɓoye ba, kuma wanda yake zabura duk sa'ad da abokin zamansa ya kusanci wayarsa ya binciki kansa. Amma leƙen waya da dare ba ya warkar da zargi, ciyar da shi yake yi. Bugu da ƙari, a cikin wayar matarka akwai asirin ƙanwarta da na ƙawarta, waɗanda ita aka ba amana, ba kai ba. Idan zargi ya shiga, a zauna a yi magana, in ta ƙi a nemi waɗanda suka tsaya muku a ranar aure, ko katekis, ko Fada.

Iyaye kuwa suna da haƙƙi da nauyin sanin waɗanda 'ya'yansu ƙanana suke magana da su. Zai fi kyau yaro ya san tun ranar da aka ba shi waya cewa za a riƙa dubawa, a kuma sassauta yayin da yake girma yana nuna hankali. Abin da uwa ta gani a wayar 'yarta na gyara ne a cikin gida, ba na hira da maƙwabta ba.

Nauyin Mai Aikawa

Kada mai aikawa ya ɗauka shi ba shi da nasa. Ƙuryar ɗaki ba ta mai da zunubi halal. Gulmar da aka yi tsakanin mutum biyu gulma ce, zagin da aka yi wa shugaban ƙungiya a ɓoye zagi ne, kuma Allah yana karanta abin da makullin kamfani ya rufe. Ubangiji ya gargaɗe mu a Luka sura ta 12 cewa raɗar cikin ɗaki za ta fito sarari wata rana. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi haka, domin ita takan zauna shekaru tana jiran ranar da abota za ta lalace. 'Ya'yana matasa, kada ku aika wa kowa hoton tsiraicinku, komai alkawarin da ya yi. Wanda yake ƙaunarki da gaske ba zai nemi ya riƙe abin da zai iya hallaka ki da shi ba. Kada kuma ku ɗauki zaure mai mutum ɗari biyu a matsayin ɗaki. Maganar da take da nauyi ƙwarai, a taka a je a yi ta ido da ido.

Gyaran Ɓarna

Wanda ya riga ya watsa asirin wani, ƙofar jinƙai a buɗe take, amma tuba tana tafiya da biyan diyya, kamar yadda Katekisim ya nuna a sakin layi na 2487. Ɓarawon akuya yakan mayar da akuya. Ɓarawon suna aikinsa ya fi wuya. Duk da haka akwai abin yi. Ka share abin daga wayarka, ka roƙi waɗanda ka tura wa su share. Idan ka ƙara gishiri, ka gyara a wurin da ka yi ɓarnar, a gaban waɗanda suka ji. Ka je wurin wanda ka cuta ka nemi gafararsa, ba tare da kawo dalilai ba. Daga nan ka zama mai faɗin alherinsa a duk inda aka ambace shi. Ku kuma da kuke shugabancin zaurukan ƙungiyoyinmu, ku kafa ƙa'ida cewa ba a sa hoton saƙon kowa ba da izininsa ba, ku cire shi nan da nan idan an sa.

Mu da maƙwabtanmu Musulmi muna da addu'a ɗaya da muke yi wa juna a kasuwa da tasha da gidan biki: Allah ya rufa asiri. Babu wanda ya taɓa jin an yi masa ita ya ƙi cewa amin, domin kowa yana da abin da yake so a rufa masa. Allah kuwa sau da yawa ta hannun mutane yake amsa wannan addu'a. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wannan mako, idan asirin wani ya iso wayarka, ko daga mai shi ko daga mai gulma, bari tafiyarsa ta ƙare a wurinka.

Allah Uba, wanda ya san dukan asiranmu bai kuwa kunyata mu ba, ya tsare harshenmu da yatsunmu. Yusufu Mai Tsarki, adali mai rufin asiri, ya yi addu'a dominmu. Amin.